Hanyar Dawowa

A Auyo, bayan rumfar Mati mai faci,
Kawu Nomau ya buɗe cikin injin ban ruwa
kamar mahauci ya feɗe akuya.
Ƙaurin ƙonanniyar waya ya cika hanci.

Ya ce, riƙe nan, Talatuwa.
Wuta ba ta barin gida
sai ta tabbata akwai hanyar dawowa.
Waya biyu ce, ta zuwa da ta komowa.
Ki tsinke guda, ko da faɗin silin gashi,
sai ta yi zamanta a batir,
ko rana za ta fasa farantin sola.

Na riƙe. Yana naɗa jan ƙarfe,
goro a kunci, yana ƙirga,
arba'in da bakwai, arba'in da takwas.
Ya ce in wuta ta bi wannan naɗi
ƙarfen ya zama maganaɗisu,
ya jawo na tsakiya,
kafin su gaisa a juya masa fuska,
ya ingiza shi gaba.
Kora ba kamu.
Rashin haɗuwar nan shi ne juyin.

Da la'asar muka kai shi fadama.
Albasar Iya ta kwana uku a kwance.
Ni na danna makunni.
Ya yi gurnani, ya yi tari,
ruwa ya fito ja da laka, sannan ya washe.

Da dare na kasa barci,
ina tuna yayana Gambo,
damina huɗu ke nan a Fatakwal.
Mu dai bakin wayarmu yana nan a ɗaure.
Ko a ina ta dawowar ta tsinke?