Bawul

Shekara goma sha tara ina gyaran injin ban-ruwa
a bakin fadamar Auyo.
Kunnena ya san ciwon ƙarfe.
In bawul ya ci, ruwa kan hau ya komo,
inji na ta gurnani, shinkafa na ta ƙishi.
Ban san ana haka a ƙirjin mutum ba
sai ranar da Hansai ta dire tulu a tsakar hanya
ta zauna kusa da shi tana haki.

Muka ce shawara ce. Muka ce sammu.
Ta sha saiwa, ta sha sassaƙe,
ƙafa na tashi kamar ƙullun waina da ya kwana.
Da dare sai ta jingina da buhun gero,
in ta kwanta numfashi ya ƙi zuwa.

A Kano likita ya ɗora mata wani abu mai sanyi,
sai ga zuciyarta a allo
tana motsi kamar tarwaɗa a ruwan laka.
Ya ce ƙofa ce tsakanin ɗaki biyu,
ta yi tauri, ba ta buɗuwa, ba ta rufuwa,
jini ya wuce ya dawo da baya.
Ya ce tun ciwon maƙogwaro na yarinta,
wanda wanzami ya cire wa hakin wuya
aka ce an gama.
Na ce, likita, ai bawul ne.
Ya dube ni. Ya ce, bawul ne.

Shanun huɗa biyu suka tafi kasuwar Gujungu.
Gonar gado ta shiga jingina.
Matan adashi suka ba ta kwasar da ba tata ba.
Na dangwala yatsa a takarda,
tawadar ta kwana uku ba ta fita ba.

Sun ce za su tsayar da zuciyar,
inji ya riƙe mata jini har su gama.
Inji!
Ni da na san yadda inji ke mutuwa
ba sallama, ana tsakiyar ba wa kwami ruwa.
Da suka tura ta ciki ban zauna a benci ba,
na zagaya baya, na nemo janaretan asibiti,
na tsuguna gefensa da carbi.
Sau huɗu ina tambayar mai gadi ko akwai mai.
Daga hantsi har la'asar ina sauraro,
ko tari bai yi ba.

Yau wata tara.
Tabon ya sauko daga wuya kamar kunya ɗaya
a gonar da aka fara aka bari.
Ƙwaya ɗaya bayan magariba, ba fashi.
Awon jini a Haɗeja duk wata,
kuɗin mota daga baya, kuɗin gishiri daga baya.
Kwaɗon zogale da take so, yanzu da ma'auni.
Wuƙar yankan kuɓewa, a hankali,
jininta ba ya saurin tsayawa.

Kuma tana ƙas, ƙas, ƙas.
Auta ya kwana biyu yana neman gyare a ƙarƙashin gado.
Ita dariya take, wai ta huta da sayen agogo.

Gonar har yanzu tana hannun mutane.
Shekaranjiya Auta ya ce haɗiya na yi masa zafi,
kakarsa ta aika a kira wanzami.
Kafin ya iso na goya yaron a babur
sai ɗakin shan magani.

Duk injin garin nan na taɓa buɗe cikinsa.
Wannan ɗaya ba ni da sifanarsa.
In dare ya raba, kwaɗi sun yi shiru,
nakan matso kaɗan, in kasa kunne,
in ƙirga har ɗari,
in rasa inda na tsaya,
in sake.