Littafi na Ashirin da Uku

Ranar Laraba Bappa Jungudo ya aiko yaro:
sabon ya iso, ki zo kafin 'yan makaranta su tashi.
Na bar wanki a jiƙe, na hau acaɓa daga Jekadafari
zuwa rumfarsa ta bayan Tsohuwar Kasuwa,
inda littattafai ke kwana da warin daddawar maƙwabciya.
Naira ɗari biyu, kwana huɗu.
Ya rubuta sunana a bayan kwali.

Na ashirin da uku ke nan.
Matar nan ta Bajoga ba ta gajiya.
Ko hotonta ban taɓa gani ba,
amma na san yadda take ajiye magana,
sannu, kamar mai jera ƙwai cikin dusa.

Kada ka tambaye ni abin da ya faru a ciki.
Akuyar Inna Delu ta ɓata, shafi arba'in ana cigiya.
Malam Buba mai gyaran agogo
har yau bai gyara nasa na bango ba,
kullum huɗu saura kwata ne a shagonsa.
Tela Iro ya ɗinke aljihun liman bisa kuskure,
liman ya yi mako yana ɓoye goro a hula
don kada yaron ya ji kunya.
Shi ke nan.
Ba a zare wuƙa ba, ba a kai kowa gaban alƙali ba.

Ƙanena ya juya bangon, ya ja tsaki:
Adda, wannan ai kunun marar lafiya ne, ba gishiri ba yaji.
Na ce ka faɗi daidai.
Kai da kake kwana a gadonka, je ka nemi yaji.
Ni a asibiti nake raba dare, ɗakin maza,
na san nauyin ƙato idan ƙafafunsa sun ƙi shi,
na san irin shirun da uwa ke yi a baranda.
Idan na tuɓe safar hannu ƙarfe uku,
ba mai tsinka mini zuciya nake nema ba.
Layin nan nake nema, da kowa ya san tarin kowa,
inda faɗa ke mutuwa da an aiko kwanon dambu,
inda marowaci ma ana bar masa gefen tabarma.

Wani tsoho daga Kumo, gado na bakwai,
barci ya ƙaurace masa,
ya ce, 'yata, me ke sa ki murmushi ke kaɗai?
Na ja kujera, na karanta masa ƙasa-ƙasa.
Ya ce wannan Delu ta cika gaggawa,
akuya mai ciki ba ta nisa, a duba inda inuwa take.
Dare uku muna nema tare,
yana gyara wa mutanen littafi hanya da yatsa.
Aka sallame shi ina gida ina barci,
saura babi biyu.

Jiya sai ga jikansa a bakin ƙofa, da rake biyu a kafaɗa,
wai Baba ya ce a tambayi nas:
an ga akuyar kuwa?
Na ce je ka gaya masa an gan ta
bayan shagon mai agogo, ƙarƙashin dalbejiya,
da 'ya'ya biyu, ɗaya mai farin goshi.
Ka ce duk layin, shi ya fi kusa da gaskiya.

Yau na mayar wa Bappa, na makara da kwana biyu.
Ya duba kwali, ya dube ni, ya soke tarar.
An ce na ashirin da huɗu sai bayan kaka.
Ba komai, zan jira.
Mutanen layin ba masu tafiya ba ne.
Inna Delu na can tana neman igiya ta biyu,
liman ya samu aljihunsa,
agogo kuwa, in Allah ya yarda,
ba wanda zai taɓa shi kafin in dawo.