Dabino Saba'in da Ɗaya

Munzir, ɗan ƙanena, ka kira ni daga Leiden,
muryarka na rawa, ko sanyi ne ko ɗoki,
ka ce malamanku sun yini suna gardama
kan ko shigowar tankokin nan halas ce a doka.
Ɗaya ya ce tsohon ƙuduri bai mutu ba, barci yake,
ana iya tashinsa a rataya masa bindiga.
Ɗaya ya ce ina, sai Kwamitin Sulhu ya sake zama.
Kuka ɗaga hannu: sha huɗu sun ce haram, tara sun ce halas.
Sannan kuka fita shan gahawa.

Ba dariya na yi ba. Layin ne ya yi ƙara.

Shekara talatin na yi a ofishin filaye na Abul Khasib,
ni Sabriya mai tambari, mai tawada a ɗan yatsa.
Dokar da na sani gajeruwa ce:
in mutum ya matsar da turke taku ɗaya cikin gonar maƙwabci,
mu ɗauki igiyar awo, mu je da rana tsaka,
mu mayar da turken inda kakansa ya gan shi.
Na taɓa hana wani mai zobe huɗu
kamu biyu na bakin rafi. Bai sake gaishe ni ba.

Su kuwa ko sallama ba su yi ba.
Sun ce itatuwan sun tare musu ganin hanya.
Jawad ya fito da takardar gonar cikin leda,
tambarina a ƙasanta, shuɗi, bai ko koɗe ba.
Wani yaro mai jan wuya ya karɓa,
ya riƙe ta a kife,
ya miƙo masa ita tare da gorar ruwa.
Saba'in da ɗaya ne da hantsi.
Kafin la'asar, sha tara.

Jawad ya ƙara damina biyu yana zama kan kututture.
Ba harsashi ne ya ɗauke shi ba,
don haka ba ya cikin lissafin littattafanku.

Kada ka ce ina kewar na da.
Ubanka ba baƙi suka tafi da shi ba,
namu ne, da harshenmu suka ce ya sa takalmi.
Ƙaya ce, kowa ya san ƙaya ce.
Amma wa ya ba mai gatari izinin cire ta
har da ƙafar?

Za ka ce duk wannan ihu ne bayan hari.
To, kada ka bar karatun.
Igiyar awo ba ta taɓa kama ɓarawo ba,
tana dai faɗin kamu nawa aka ci,
kuma wani lokaci wannan kaɗai ya rage wa mai gona.

Gobe ka tambayar mini malaminka, mai cewa haram:
in sha huɗun ne da gaskiya,
wace taga zan kai takardar?
Ƙarfe nawa ake buɗewa?
Ana karɓar tambarin ƙasar da aka shiga?

Na ba ɗiyar Hashim ƙullin barhi ta kawo maka.
Ka ba sha huɗun, ka ba taran ma.
In sun yaba zaƙin,
ka ce daga cikin sha tara ne.