Adashin Mura

Tun watan Azumi nake ƙirga.
Wannan ce ta biyar.

Ta farko Marliya ce ta kawo
daga ajin rainon da ke bayan Ƙofar Guga,
cikin jakarta, tsakanin fensir da ragowar biskit.
Ta hau cinyata tana ba ni labarin wata Anti,
ta yi atishawa ɗaya, 'yar mitsitsiya,
kamar mage ta shaƙi barkono.
Na ce Allah ya raya.
Ashe zubin farko ke nan.

Adashi ake yi a gidanmu yanzu.
Marliya ta zuba, Hindatu ta zuba,
jaririn da ko haƙori bai yi ba ya kawo nasa,
ni kuwa ba uwar adashi ba, amma ni ke kwasa.
Kafin in miƙe ta zagayo, ta sake riga:
wannan ta zo da yoyon hanci kamar famfon da ya kwance,
waccan ta zuba mini ƙaiƙayi a maƙogwaro,
ta ukun ta sauka a ƙirji, ta shimfiɗa tabarma,
ta ce ita ba sauri take ba.

A shago ina taka keke,
shaddar Alhaji Sada fara fat a gabana,
hanci na ɗiga, ina ta kau da kai
kamar wanda ya haɗu da surukarsa a lungu.
Zare ya ƙi allura, ido duk ruwa.
Lurwanu, yaron shago, ya amsa mini atishawa sau uku,
a ta huɗu ya ce, Oga, sai dai Allah ya sawwaƙe,
ya ja kujerarsa bakin ƙofa.
Ran Talata shi ma bai zo ba.

Na sha citta, na sha kanumfari da masoro,
lemun tsami har haƙorana suka mutu.
Na lulluɓa da bargo kan tukunyar sirace,
na fito kamar dambu.
Inna ta aiko daga Rimi:
a bar fura da nono, a bar ruwan randa.
Na bari. Bakatsine, ba fura!
Murar dai saƙon bai iske ta ba.

Mannir mai kemis in ya hango ni
sai ya miƙa hannu kan kanta, ba tambaya.
Na buɗe baki in ce Mannir, ya fito Baddir.
Ya ce, ba wadda ta tafi ce ta dawo ba,
dangi ne, suna da yawa,
kowacce sai ta zo gaisuwa da ƙafarta.
Sha ruwa, wanke hannu, ka samu ka kwanta.
In kwanta?
Da ɗinkin biki goma sha ɗaya a rataye?

Ba tarin ne ya fi ci mini rai ba.
Shekaranjiya Hindatu ta kaɗa miyar kuka,
daddawa har maƙwabta sun shaida,
ni na ci kamar mai tauna audugar katifa.
Da aka yi yayyafin farko
kowa na ta zancen ƙamshin ƙasa,
na fito tsakar gida, na ɗaga hanci sama.
Ko sallama.

Yau da asuba ƙofa ɗaya ta buɗe,
ta dama.
Na ji hayaƙin icce daga gidan mai ƙosai,
na tsaya ina shaƙa kamar wanda aka biya tsohon bashi.
Har na fara lissafin furar la'asar.

Da azahar sai ga Marliya an biyo da ita shago,
takalmi ɗaya a hannu,
ido ja, leɓen sama na sheƙi.
Ta ɗaga hannuwa biyu: Baba, ɗauke ni.

Na tuna Mannir.
Na dubi shaddar Alhaji Sada.
Na ajiye almakashi, na ɗauke ta,
ta goge hancinta a kafaɗata.