Taƙi Guda

Tun ina lakwal a Zango
allo katanga ce baƙa a gare ni.
Malam ya rubuta, yara su kwafa,
ni in kwafa daga littafin Manzo,
hancina yana sharar tawada.

Duniyata taƙi guda ce.
Abin da ya wuce nan, sai dai labari.
Tabarau na, gindin kwalba,
sun huda mini karan hanci
shekara arba'in da bakwai.

Amma kawo agogonka Kasuwar Dole.
In tuɓe tabarau, in kai shi bakin ido,
in ga gashin ƙarfen da ke numfashi a ciki,
in ga ƙwayar yashin da ta tsai da lokaci.
Masu ido lafiya suna neman madubi,
ni da nawa aka haife ni.

Sai yana ta shigo ba sallama,
kamar an shafa wa taga kunu.
Taƙin ma ya fara tsukewa.
Na saka wa wani alhaji ƙarfe uku a gurbin tara,
ya biya, bai ce komai ba, bai dawo ba.

Likita Ma'azu ya auna, ya sake aunawa.
Ya ce idon mutane goro ne,
naka dabino, ya yi tsawo.
Za mu fid da ƙwayar da ta yi gizo,
mu sa wata garau, kamar ɓawon kifi,
ta zauna nan har ƙarshen kwana.
Bayan idonka siriri ne, ya ce,
in ka ga walƙiya babu hadari, ka zo da gudu.
Sannan ya aje alƙalami:
Kusa kake so, ko nesa?

Ban taɓa sanin ana tambayar mutum haka ba.

Na kwana ina juyi.
Fassuma ta ce, kusa ce ke ciyar da mu.
Na ce na sani.
Da safe na ce wa likita, nesa.

Ranar da aka ɗaye auduga
duwatsun Birni suka rabu ɗaya ɗaya.
Ashe ba dunƙule ba ne.
Ashe akwai akuya a kan na sama,
tana tuƙa, ba ruwanta da ni.
Bedi yana da ganye, kowane da bakinsa.
Na san tawadar Allah da ke kuncin Fassuma,
na san ƙamshin wuyanta,
amma tafiyarta daga bakin famfo,
kafaɗar hagu ta ɗan karkata,
sai ranar na gani.
Shekara talatin tana zuwa wurina haka.

Na koma tebur, na buɗe bayan agogo.
Hazo.
Gashin ƙarfen ya ɓuya mini kamar bai san ni ba.
Na sayi tabaran jikka guda wurin yaron bakin tasha,
irin na tsofaffi masu duba lambar waya.
Aiki yana tafiya, a hankali.

Gindin kwalba yana cikin aljihun tebur
tare da agogunan da ba a zo karɓa ba.

Saura idon hagu, watan gobe.
Likita zai sake aje alƙalami.
Nakan rufe dama, in dubi agogo,
in rufe hagu, in dubi akuya.
Fassuma ta daina tambaya.