Usur ɗin Koci Labaran

Shekara talatin da huɗu a kwalejinmu ta Asawase,
usur ɗaya, igiyarsa ta yi baƙi da gumi.
Kofuna biyu kacal ya ɗauko,
ɗayan ma allurai matarsa ke zubawa ciki.

Amma leƙa Kejetiya:
baduku, direban tirotiro, mai cire haƙori,
kowa na jin muryar har gobe:
"Ɗaga kai, yaro! Raga ba a ƙasa take ba."

Ranar da aka zura mini bakwai
bai ce uffan ba.
Ya saya mini koko da ƙosai,
ya ce, "Litinin, bayan Asuba."

Jiya ya miƙa mini usur ɗin.
Na hura.
Ƙarar ko rabin fili ba ta kai ba.