Katin Baƙo

Mako takwas aka ba ni aro.
Magatakarda ya karɓi wasiƙar da na zo da ita daga Gashuwa,
ya lashi yatsa, ya juya shafi,
ya buga hatimi da jar tawada a kan katina:
ɗalibi baƙo.
Ko hoton bai manne da kyau ba,
sai ka ce shi ma ya san ba zama ya zo yi ba.

Masu jami'ar sun tafi dogon hutu,
sun bar mana tebura da rubuce-rubucensu.
Wani ya karce "Rifkatu" da bakin makulli.
A kan sunanta nake ɗora littafina kullum,
ina ba ta haƙuri a zuci.

Ilimin ƙididdiga, ƙarfe takwas na safe.
A garinmu ruwan sama baƙo ne, sai an roƙa yake zuwa.
A nan shi ne mai gida.
Yakan riga ni isa Kawo,
ya biyo ni cikin keke ta gefen da babu labule,
in shiga aji ƙafar wandona tana ɗiga,
Dakta Jumare ta dube ni ta saman tabarau:
"Mutumin Yobe, yau ma kogi ka ratso?"

Mu goma sha tara ne, kowa da abin da ya koro shi.
Ga wanda ya faɗi bara,
ga ma'aikacin banki mai farautar ƙarin girma,
ga Zugwai, 'yar Zonkwa, mai zuwa daga aikin dare a asibiti,
idonta ja, lissafinta fes.
Ita ta warware mini abin da allo ya cukurkuɗa.
Ta zube dafaffiyar gyaɗa a tebur, ta ce:
"Kai ka ci goma, ni ban ci ba,
takarda za ta ce kowa ya ci biyar.
Kafin ka yarda da takarda, tambayi ciki."

Mai tsaron ɗakin karatu ya ɗaga katina sama kamar jabun kuɗi.
Baƙo yana karantawa, in ji shi,
amma ba ya fita da littafi.
To, na fita da shi a hannu,
shafi arba'in da ɗaya, biro biyu suka mutu.

Da dare, shagon ɗinkin Kawu Barau a Unguwar Dosa.
Teburin keken ɗinki shi ne teburina,
in an ɗauke wuta wayata ce fitila,
sauro na bitar nasa darasin a kunnena.
Wata Lahadi na tsaya a bakin kogi,
ya cika ya yi jawur, yana jan rassa da robobi.
Na nemi kadojin da suka ba garin suna, ban ga ko ɗaya ba.
Wataƙila su ma suna hutu.

Sai jarrabawa ta zo, ta wuce kamar hadarin da bai zuba ba.
An ce za a aika sakamako a rufaffen ambulan.
Layi ɗaya ne zai isa Gashuwa: sunan darasi, da harafi.
Babu gyaɗa a ciki.
Babu Rifkatu.

A ƙofa na miƙa wa mai gadi katin,
ya ce riƙe abinka, ai ya mutu tun jiya.
Na sa shi a aljihun gaba.
Na rungumi lemar da na saya a Kasuwar Barci,
mai karyayyen haƙarƙari ɗaya,
na shiga mota.
Muna wuce Maraban Jos aka fara yayyafi,
na ji hannuna ya kai gare ta da kansa
kamar ɗan gari.